Gidan Inna na Cikin Kwali

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin sami wurin ajiye kaya, gajiyar mota ta sake ki. Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa karatun zanen gine-ginen da kika tafi nema ya zame miki alheri.

Ina wannan rubutu a shago, ke kuma kina cikin gida kina gardama da mahaifiyarki a kan yawan yajin da ta ƙulla miki. Ina jiyo ku ta katanga. Da baki ya kamata in faɗa miki abin da ke nan, amma kin san halina: in na fara magana mai nauyi, ko tari ya sarƙe ni, ko in juya ta ta koma faɗa. Shi ya sa na rubuta. Zan ɗora ta a saman kwalin kafin in ɗaure, ki gan ta in kin kwance.

Abin da ke cikin kwalin kin san shi, ƙaramin gidan nan ne na roba da na daɗe ina haɗawa. Na san ku da ƙannenki "abin wasan Baba" kuke ce masa in na juya baya, kada ki ɗauka ban ji. To yau ki ji yadda abin yake, tunda ke za ki ƙarasa shi.

Garinmu na asali ƙauye ne a ƙasar Maradun, bakin gulbi. Ina yaro, ban ko fara azumi ba, ruwan dam ya taso ya rufe shi. Aka watse, wasu suka yi Maradun, wasu Bakura, mu muka faɗo Mafara. Gidan da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwa har gobe, kuma ko hotonsa babu. Wata shekara da rani na roƙi wani masunci ya kai ni a kwalekwale inda dattawa suka ce nan ne. Na leƙa, na sake leƙawa, ban ga komai ba. Na dawo ban faɗa wa kowa na je ba.

Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ba ta taɓa fita daga gidan nan a ranta ba. Tun da ta koma Bakura wurin Gwaggonki Asabe, idonta ya yi yana, haske da launi kaɗai take rarrabewa, hirarta ta zama ɗaya: ina rijiya take, ina turken akuya, wane ɗaki ne ke yoyo. Ni kuwa aikina fentin babura, guntayen roba ba sa ƙarewa a shagona, na allon talla, na murfin gefen babur, na tsoffin rediyo. Sai na fara yanka su ina liƙawa da gam, ina cike gaɓoɓin da filar mota, wadda muke toshe lotsawar jikin mota da ita, har zaure ya tashi, ɗakuna suka biyo. Na ɗaure shi a bayan babur na kai mata. Ta ɗora hannu biyu a kai, ta bi shi lungu-lungu da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can ta ce, "Auta," don har yau haka take kirana da furfurata, "ruhewata ba nan take ba. Ka aje ta inda anka ɗaure jaki." Rumbunta na ƙasa take nufi. Na ɓamɓare shi na mayar inda ta ce.

Haka muka yi ta yi, in kai, ta gyara, in dawo in sake. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne zanen bakin ƙofar ɗakinta. Tana amarya ta yi shi da yatsunta a kan ɗanyen yaɓe, layi-layi masu lanƙwasa da ɗigo a tsakani. Ta zana mini shi a tafin hannuna da farcenta, ni kuma na kwaikwaya da tsinin allura a kan roba. Sai da na zubar da ƙofa da yawa kafin ta shafa wata ta yi shiru. Ranar ba ta ce an yi daidai ba, ta dai ƙi sakin ta har aka kira la'asar.

Da aka gama gini sai ta kawo ƙara ta ƙarshe. Ta ce, "Wanga santsi hwa? Gidanmu ba tangaran na ba. Kuma ja na, ba hwari da baƙi da shuɗi awa zanen 'yan rawa ba." Gaskiyarta. Robar kala-kala ce, santsi gare ta, filar kuma tana ɗan gari in an shafa. Sai an yi fenti. Fenti kuwa ba ya zama a kan tsurar roba sai an fara yi mata shimfiɗa, fentin farko da muke kira firaima, mai ruwan toka, na gwangwanin feshi. A nan duk wuyar take. In firaima ta yi kyau, sauran wasa ne. In ta ɓaci, gidan ya ɓaci, kuma Inna ba ta da ƙarfin sake zama da ni mu gina wani.

Da ni zan yi feshin. Likita ya ce in na ƙara shaƙar feshi, ƙirjina ba zai yafe mini ba, mahaifiyarki kuma ta kwashe gwangwanayen ta ɓoye inda ko ɓera bai sani ba. Na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ta ɗauke kwanon ba ta ko lallashe ni ba. Saura ke. Hannunki ya fi nawa natsuwa, wannan ban taɓa faɗa miki ba don kada kanki ya kumbura. Amma feshin roba ba ki taɓa yi ba, ni kuwa babu kuskuren da ban yi ba a cikinsa. Bari in ba ki su yadda suka faru.

Na farko, girman kai ne na mai sana'a. Na ce ni da na yi wa tankin babur ba adadi firaima, ɗan rumbun roba ne zai gagare ni? Na ɗauko irin wadda nake fesa wa ƙarfe na watsa masa. Ina tsaye ina kallo fatarsa ta fara tattarewa, ta yamutse kamar ganda a kan wuta. Ashe ruwan da ke cikin firaimar ƙarfe zafi gare shi, yana cin roba. Rumbun da Inna ta amince da shi bayan dogon ja-in-ja ya koma wani abu mai kama da busasshen gauta. Da na kai mata sabo, tana taɓawa ta ce, "Mi kay yi ma ruhewata? Wagga ba ita ta ba." Sai da muka koma farko. Don haka in kin shiga kasuwa, ki nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa ta roba ce. Mai shago zai ce miki duk ɗaya ne, ki yi masa murmushi ki karanta da idonki. A nan Mafara yanzu ba na samunta, wannan ma yana cikin dalilin da ya sa gidan ya bi ki. Ko kin samu, kada ki yarda da ita tukuna. Na sa miki guntayen roba a baƙar leda, kowane irin da ke jikin gidan akwai ɗan'uwansa a ciki. Ki fesa musu, ki bar su su kwana, ki kankara da farce. In ba su yamutse ba, fentin bai tashi ba, sannan ki kusanci gidan. Gugan rijiyar kuwa ki cire shi gefe, da robar tayar keke na yi shi, irin wannan roba mai laushi in an fesa mata ba ta bushewa, haka za ta yi ta danƙo.

Na biyu ya same ni ranar kasuwar Maradun. Na dawo da ƙuli-ƙuli mai zafi a aljihu, ina ci ina aiki, ina juya wata 'yar motar roba da nake gwaji da ita. Na goge hannu a riga na ce ya isa. Ina fesawa sai fentin ya riƙa gudu daga wasu wurare, yana barin ƙananan ramuka, kamar in kin zuba ruwa a farantin da aka ci nama. Na zagi gwangwani, na zagi wanda ya sayar mini, na ƙara fesawa a kai don in rufe, ramukan suka ƙara buɗe baki. Mahaifiyarki ce ta leƙo ta ce in dubi yatsuna. Man gyaɗa ne kawai. Maiƙo kaɗan, wanda ido ba ya gani, ya isa ya hana firaima kama roba. Maganinsa wanki: ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulun wanke kwano, tsohon buroshin haƙori, a bi a hankali, a ɗauraye, a bari ya bushe da kansa har cikin lunguna. Daga nan kada hannu ya sake taɓa shi. Ki riƙe shi ta katakon da na kafa shi a kai.

A nan akwai abin da zai yi miki nauyi, gara in faɗa miki tun yanzu. Inna ba ta rabuwa da man kaɗanya a hannu, kin sani. Gidan nan kuwa babu inda yatsunta ba su bi ba. In kin ɗaga shi a haske za ki ga bakin ƙofar ɗakinta ya fi ko'ina duhu da sheƙi, saboda nan take komawa kullum. Wannan duk sai an wanke shi. Na so in rage miki aiki, na ɗebo ruwa, na jiƙa buroshi, na zauna. Ummi, na kasa. Na zubar da ruwan a gindin dalbejiya na mayar da gidan cikin kwali. Ke ki daure ki yi, ki wanke shi tas, don in kin tausaya masa kin bar wurin, nan ne fentin zai fara ɓarewa, kuma nan ne ta fi buƙata.

Na uku ki yi dariya, na ba ki izini, tunda ba na kusa. An gaya mini zafi yana lalata gwangwanin feshi, gaskiya ne kuma, ba a barin sa a rana ko kusa da murhu. Ni da wayona sai na ce bari in yi masa gata, na jefa shi cikin randa ya wuni. Da na ciro shi ya yi sanyi ƙalau, na danna, maimakon feshi sai ya riƙa tofi, ɗigo manya-manya. Ashe sanyi yana kashe masa ƙarfi. Na ɗauka bakinsa ne ya toshe, na ɗauko allura na soka ina leƙawa da ido ɗaya. Sauran kin taɓa ji wurin mahaifiyarki, don ba ta gajiya da ba da labarin. Na yi kwanaki ina zuwa masallaci da rabin gemu ruwan toka, mutane suna yi mini barka da tsufa. Allah ne Ya tsare idon. Saboda haka ki ajiye gwangwani a inuwa, inda ba zafi ba sanyi. Ki girgiza shi har ki ji ɗan ƙarfen da ke ciki yana yawo ba tare da nauyi ba, in hannu ya gaji ki sauya hannu ki ci gaba, don abin da ke sa fentin ya kama yana kwance ne a ƙasa. In ya toshe, ki zare kan feshin gaba ɗaya ki jiƙa shi a tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kada ki soka komai a gwangwani. In kin gama aiki ki kifa shi ki danna har iska zalla ta fito, bakin zai zauna a buɗe. Feshin farko kuma kullum a kan kwali, ba a kan gidan ba.

Sai maganar damina, wadda ita ce ta fi damuna, don a cikinta kika tafi. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini 'yar taraktar roba in yi mata fenti, zai nuna wa ɗalibai. An yi ruwa da safe, ya ɗauke, gari ya yi daɗi, ni ma raina ya yi daɗi, na fita na fesa. Da farko ta yi kyau. Kafin in wanke hannu sai ta dushe, ta yi fari-fari kamar an shafa mata ruwan koko, ta kuma ƙi bushewa. Laimar da ke cikin iska ce fentin ya kama ya rufe a ƙarƙashinsa. An ce Kaduna ta fi mu ruwa nesa ba kusa ba, kuma nasu yana daɗewa bai ɗauke ba. To ki jira. Ranar da kika shanya ɗankwali ya bushe nan da nan, gishiri ya daina jiƙewa a kwano, ranar ce ta feshi. Ki yi da hantsi, bayan raɓa ta tashi, kafin rana ta yi zafi. Na san jiran nan zai ci miki rai. Ni ma yana ci mini, kin kuwa san dalili.

Kuskuren da na fi jin tsoro ki maimaita shi ne nauyin hannu, don gadonsa kika yi, na ga yadda kike zuba manja a miya. Mai feshi in ya ga roba tana leƙowa ta ƙarƙashin fenti, zuciyarsa takan ce ƙara kaɗan. Na bi zuciyata a kan ƙofar gwaji, wadda na yi wa zanen Inna don in ga yadda zai fito. Na tsaya wuri ɗaya na danna har ta rufe ruf. Fentin ya taru ya gangaro, na sa yatsa in share, na ƙara ɓata shi. Da ya bushe na shafa, babu layi, babu ɗigo, sumul. Firaima ta cike ramin allurar duka. Wani abokina makanike ya ce in jiƙa ta a man birki fentin zai tashi. Ya tashi kam, amma robar ta yi gautsi, ina ɗagawa ta karye gida biyu. Ki tuna wanda ake yi wa wannan aiki ba da ido za ta duba ba. Abin da mai ido zai ce ya yi kyau, ita a wurinta an share mata ƙofa.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe hannunki, daga babban yatsa zuwa ƙarami, wannan ita ce tazarar da ke tsakanin gwangwani da gidan. Ki fara dannawa a gefe, a iska, ki wuce ta kansa ba tsayawa, ki saki bayan kin fita ɗaya gefen. Shafar farko ta zama kamar hayaƙi, har ki ce ba a yi komai ba. Ki tafi ki yi wani abu, ki dawo ki ƙara. A bakin ƙofar Inna ki tsaya tun zuciyarki ba ta gamsu ba. In tsautsayi ya sa wani wuri ya gangaro, ki ɗaure hannunki a baya. Ki bari ya bushe sarai, har warin ya tafi, sannan ki bi shi da sanfefa mafi laushi da ɗan ruwa. Ɗanyen fenti ba a gyara shi.

Akwai kuskure ɗaya da nake so ki yi da gangan. Da bazarar da ta wuce, kafin likita ya yanke mini hukunci, na fesa wa wani guntun bango firaima da tsakar rana, na kuma tsaya nesa saboda tari. Zafi ya busar da fentin tun yana iska, ya sauka a kan robar gari-gari, ya yi kaushi kamar an yayyafa tsaki. A wurin mai fenti wannan abin kunya ne, da a tankin babur ne sai a kankare a sake. Na jefa shi aljihu da niyyar yarwa, na manta, na tafi Bakura da shi. Ina ciro goro guntun ya faɗo a tabarma, Inna ta lalubo shi. Ta murza da babban yatsa, ta sake murzawa, sai na ga ta gyara zama. Ta ce, "Auta, shi na. Wanga shi na bangonmu. Nan nika jingina in na gama daka." Gwaggonki ta tashi ta shiga ɗaki, ni kuma na tsaya ina ta gyaran hula. Guntun yana cikin ledar, na ɗaure shi da jan zare. In kin gama shimfiɗa mai kyau a ko'ina, ki rufe ƙofofi da rufin ɗakuna da takarda, ki ja baya, ki yi wa bangon waje kaɗai irin wannan feshin daga nesa. Ki riƙa rufe ido kina shafa shi kina shafa guntun, har su zama ɗaya. In wani a makarantarku ya ce kin ɓata aiki, ki ce masa haka mai gidan ta ce a yi.

Launin da za ki ɗora a sama ba zai ba ki wuya ba. Na ɗebo miki ɗan curin jar ƙasa daga bakin ruwan, ɓangaren Maradun, yana cikin gwangwanin madara. Ki jiƙa gefe ɗaya ki bar ɗayan a bushe, launin gidanmu yana tsakaninsu.

Kada ki yi feshi a ɗakin kwana, ko abokan zamanki sun ce ba komai. Ki fita fili, iska tana bayanki, ki rufe hanci da baki da abin rufewa na gaske, ba gefen hijabi ba. Ni na yi shekaru ina ɗaura tsohon ƙyalle, in na gama in sha madara in ce ta wanke ƙirji. Ga ni yau ba na iya hawa tudun kasuwa sai na tsaya na yi kamar ina gaisawa da wani. Ban haife ki don ki gaji tarina ba.

Zan yi kewarki, Ummi. Na faɗa, ga shi a rubuce, ba sai kin tsokane ni na faɗa ba. Na saba in ina aiki in ji ki a bakin ƙofar shago kina gaya mini layina ya karkace. Yawanci gaskiya kike faɗa, shi ya sa nake korar ki. Yanzu zan ja layi ya karkace, ba mai gaya mini. Kuma kusurwar da kwalin nan yake zama za ta zama fili, ban san me zan ajiye a wurin ba. Mahaifiyarki ta ce buhun gawayi. Ina jin da gaske take.

Shekaranjiya na je Bakura in gaya wa Inna cewa gidan zai bi ki. Na same ta kwance da rana, abin da ba ta yi. Na gaishe ta, ta amsa, ta miƙo hannu tana laluben bayana ko na zo da kwalin. Na ce takwararta ce za ta tafi da shi birni ta yi masa fenti mai kyau. Ta ce, "Yaushe za a gama?" Na ce sai ruwa ya ɗauke. Ta ce, "To. Ka ce ma takwara ta yi a hankali, kar ta ɓata min ƙohwa. Ni dai ina nan, in an bar ni."

Da zan tafi Gwaggonki ta raka ni har garka, abin da ita ma ba ta yi. Ta ce abincin Inna ya ragu ƙwarai, kunu kaɗan take kurɓa, barcinta ya yi yawa. Ta ce wani lokaci takan farka ta ce a je a rufe bakin rumbu hadari ya taso. Na ta da babur. Sai da na wuce gonakin shinkafa na tsaya a gefen hanya na kashe shi, na zauna a kai har wani mai amalanke ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare.

Don haka ki saurare ni da kyau. Duk abin da na rubuta a sama, jiran rana, gwaji a guntaye, shafa kaɗan-kaɗan, barin fenti ya kwana, na rubuta shi ne a kan in Allah Ya ara mana lokaci. Ina roƙonSa Ya ara, ki yi aikinki a natse, ki kawo shi ja, da kaushinsa, da ƙofarsa, ta shafa ta gane ɗakinta. Amma in wata rana kika ga kirana, kika ji na ce "taho da shi", kada ki tambaye ni komai, kada ki ce saura shafa ɗaya. Ki ɗauko shi yadda yake, ko rabinsa toka rabinsa roba, ko firaimar ba ta bushe ba, ko za ta liƙe mata a yatsu. Kada ki bari ɗan kamasho ya ɗora shi a saman mota. Ki riƙe shi a cinyarki, kuma kada ki sauka a Mafara don ki gaishe mu, ki wuce Bakura kai tsaye, can za ki same ni.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke a kan lokaci. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya yi miki albarka. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Balarabe mai fenti.